Dalilin da Ya Sa Tattabara Ke Yin Ƙwai Biyu Kacal

Dalilin da ya sa duk wanda ya leƙa tukunyar tattabara ba ya ganin ƙwai sai biyu, shi zan gaya muku yau. Ku matso, yara, ku bar tsokanar juna.

A da can, tattabara ba ta san gidan mutum ba. Kan duwatsu masu tsayi take zama, a cikin kogunan da ko akuya ba ta iya kaiwa. Kuma ƙwai take zubawa kamar zabuwa, goma sha biyu a zama ɗaya.

A wancan zamani, a ƙasar Yahudawa, akwai wata mace mai suna Tirza, matar wani maginin tukwane da ake kira Shallum. Shekararsu tara da aure kafin Allah ya ba su ɗa namiji. To, a dokar ibadarsu, idan mace ta haifi namiji ta yi arba'in, sai ta kai hadaya wurin ibada: ɗan rago bana ɗaya marar aibi, da tattabara guda. Sai an miƙa wannan za ta tsarkaka, ta shiga cikin jama'a wurin sujada. Kafin nan, iyakarta bakin ƙofa.

Tun cikin yana wata uku Tirza take kiwon ɗan ragonta, fari fat, shi kaɗai ne dabbar da ke gidan. Saura tattabara. Shallum ya ce wannan nasa ne. Ana saura kwana biyar arba'in ya hau dutse, ya kai rabi, ƙafarsa ta zame. Aka kawo shi gida a kan ƙyauren ƙofa, da karaya a ƙafa, hannu wofi.

Ranar arba'in Tirza ta goya ɗanta, ta ja ragonta. Ta ce a ranta za ta roƙi firist, wato limamin da ke miƙa hadaya, ya karɓi ragon ya ɗaga mata ƙafa a kan tsuntsun. Suna cikin tafiya wani kare ya fito daga shinge ya kai wa ragon cafka. Ta kore shi da dutse, amma ya riga ya tsaga masa kunne gida biyu. Ta goge jinin da bakin zanenta, ta kwantar da kunnen, ta yi ta shafa gashi a kai ko zai rufe.

Firist ɗin da ke aiki ran nan wani dattijo ne, Malkiya. Ya durƙusa ya duba ragon: ido, haƙora, kofato. Da ya ɗaga kunnen, sai ya tsaya.

Tirza ta ce, "Baba, yanzun nan ne a hanya. Da lafiyarsa na fito da shi."

Ya ce, "Na yarda, 'yata. Amma abin da ke da lahani ba ya hawa bagade, inda ake ƙona hadaya. Ba ni na kafa dokar ba, ba ni kuma zan sauke ta ba. Kina da wani?"

"Shi kaɗai gare mu."

"To, ki share hawayenki. Dokar da ta hana wannan, ita ce kuma ta ce wanda ba shi da halin rago ya kawo tattabaru biyu. Ɗaya ta tsarkakewa, ɗaya ta ƙonawa. Ba za a ce taki ta fi ta mai garke ƙanƙanta ba."

Tirza ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Ta ce, "Baba, guda ɗaya ce ta karya mini miji. Biyu fa?"

Dattijo ya miƙe tsaye. Ya ce dai yana nan har rana ta faɗi.

Ba ta koma gida ba. Ta bar ragon wurin wata maƙwabciyarsu da ta gani a can, ta nufi gindin dutsen da mijinta ya faɗo. Ta ɗaga kai, ta ga kogunan can sama kamar hudar allura. Da goyo a baya, ina za ta fara? Ta zauna a kan wani falalen dutse, ta kwance yaron tana ba shi nono, tana tunanin yadda za ta shiga gida ta gaya wa Shallum.

Tana nan sai ta ji ihu a sama. Shaho ne ya kai hari wani kogo. Fuka-fukai suka watsu, wani ɗan tattabara da bai gama fiffike ba ya faɗo gabanta tim. Shahon ya karkato zai sure shi. Tirza ba ta tsaya tunani ba, ta jefa mayafinta ta rufe ɗan tsuntsun, ta tsaya a kansa da jariri a hannu tana daka tsawa, har shahon ya haƙura ya yi gaba.

Can sai ga uwar tattabarar ta sauko tana haki. Ta ce, "Sannu, maijego. Kin ceci ɗana. Me ya kawo ki nan da ɗanyen goyo?"

Ga ɗan tsuntsu a ƙarƙashin mayafi, abin da ta zo nema. Da ta so, sai ta ƙudundune shi ta tafi. Amma ta ɗaga mayafin ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba. 'Ya'yanki na zo ɗauka, guda biyu, in kai bagade." Ta kwashe labari duka ta gaya mata.

Tattabara ta dubi ɗanta. Sannan ta ce, "Goma sha biyu nake ƙyanƙyashewa. Shaho ya ɗauka, maciji ya haɗiye, iska ta jefo wasu ƙasa. In na yaye biyu, na yi sa'a. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni, sai ke. Gidanku akwai inda shaho ba ya kaiwa?"

"Akwai ƙarƙashin rufin ɗakinmu. Mijina magini ne, tukwane ba sa yanke mana."

"To, ki rataya mini guda, ki riƙa watsa mini tsaba da safe. Ni kuma zan ba ki biyu daga manyan 'ya'yana. In dai ba makawa sai na rasa, gara su tafi da sunan Mahaliccinsu a kansu, da su tafi a farcen shaho."

Ta yi kira, sai ga biyu sun sauko sun sauka a cinyar Tirza, lafiyayyu, ba tabo ko ɗaya. Tirza ta rungume su, ta mayar da goyonta, ta kama hanya har da gudu-gudu.

Rana ta yi ja sa'ad da ta iso. Malkiya ya karɓi tsuntsayen, ya buɗe fiffikensu, ya duba, ya duba. Sai ya gyaɗa kai. Ya miƙa ta farko domin tsarkakewa, ya barbaɗa wa ta biyu gishiri ya ɗora a wuta. Da hayaƙi ya miƙe sama, ya juyo ya ce, "An karɓa, 'yata. Kin tsarkaka."

Tirza ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana hawaye, jaririn ma ya farka ya tsala kuka. Da ta koma gida ta gaya wa Shallum, sai ya manta da karayarsa ya yunƙura zai miƙe, sai da ta danne shi.

Washegari ta rataya tukunya, tattabara ta tare a ciki da sauran 'ya'yanta. Da lokacin ƙwai ya yi, ta saka ɗaya, ta saka na biyu, ta kwanta a kai. Tirza ta jira kwana uku ba ƙari. Ta ce, "Lafiya? Ko tukunyar ce ta yi miki kaɗan?"

Tattabara ta ce, "Tsoro ne yake sa ni zuba goma sha biyu. A nan me zan tsorata? Biyu sun ishe ni, zan yaye su in sake. Kuma duk wanda ba shi da rago, in ya leƙo, zai tarar da daidai abin da aka ce ya kawo."

Shi ya sa har wa yau tattabara take zaune a gidajen mutane, tana ƙwai biyu ba ta ƙarawa. In ba ku yarda ba, gobe da safe ku je ku leƙa tukunyar da ke bayan rumbu. Amma a hankali, kada ku tashe ta.