Lofen da Ya Sha Numfashin Barau

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

Tsoho Barau bai taɓa shan taba ba, amma ɗakinsa cike yake da lofe na icen zaitun da fatake ke kawo masa daga ƙetaren hamada. 'Yarsa Tabawa ce ke shafa musu mai. Wata rana wani baƙo ya ajiye masa lofe a zaure, ya juya bai ko yi sallama ba. Barau ya ga toka a ciki, sai ya kafa baki ya hure. Kai, ganganci! Ana hura lofen mamaci?

Da rana tsaka Tabawa ta ga duk lofunan suna hayaƙi, ba wuta, ba mai sha. Duk sanda hayaƙi ya tashi, ƙirjin ubanta sai ya lotsa. Tsoro ya kama ta.

"Ku ceto ni," in ji Barau da ƙyar. "Wanda ya ceto ni, gidan nan nasa ne."

Wan Tabawa, Jatau, ya bi sawun baƙon har maƙabarta, inda wata tsohuwa ke zaune bakin kabari. Ta ce, "Kada ku fasa lofen, ransa zai zube. Sai ɗan cikinsa ya zuƙo numfashin daga lofen, ya hura masa a baki." Jatau ya dawo kansa fari fat, saurayi da shi.

To, wane lofen? Duk sun koma kama ɗaya. Tabawa ta bi su tana shinshinawa, hayaƙi na ƙona mata hanci, har ta kai ga wanda ke ƙamshin goro. "Wannan ne, Yaya! Ƙamshin bakin Baba ne." Tun ranar hancinta ya mutu, ko turare ba ta ji.

Saura zuƙa, kuma in an haɗiye, shi ke nan. Sai autansu Cindo, wanda Barau ya kora daga gida saboda shan taba, shi kaɗai ya iya riƙe hayaƙi a kumatu. Ya zuƙa, ya hura wa uban, tsoho ya yi atishawa ya tashi. Cindo kuwa bai sake magana ba. Har yau, in Tabawa na shara, takan ji muryarsa cikin lofen tana kiran sunanta.

To, jama'a, gida ɗaya ne. Wa Barau zai ba?