Kurege da Tulun Bammi

Wata rana, a makarantar dabbobi da ke gindin tsamiya, Malam Kunkuru ya sanar da jarrabawar ɓuya. Tsohuwar Shirwa za ta kawo farmaki, wanda ya tsere mata a ba shi izinin zuwa gonar gyaɗa shi kaɗai.

Bushiya ta daɗe tana mafarkin gonar nan, amma tsoro ne da ita kamar me. Ganye ya faɗo, ta dunƙule.

Abokinta Kurege kuwa sarkin cika baki ne. Da safiyar jarrabawa ya ja ta bayan wata giginya, inda wani mutum ya rataye tulu yana tarar bammi.

"Kurɓa ɗaya, tsoronki ya gudu," in ji shi.

"Ai giya ce! Warinta ma hawa kai yake."

"Ke dai baƙauya ce! Ni kullum sai na sha. Kin taɓa ganin na yi rawar jiki?"

Gaskiya ranta ya biya. Har ta kai hanci bakin tulun, sai ta fasa, ta tafi wurin Malam da ƙwalla a ido.

"Malam, tsoro zai kayar da ni. Kurege ya ce bammi ne magani."

Malam ya yi murmushi. "'Yata, me ke sa ki dunƙule?"

"Tsoro."

"To, in kin kore shi, wa zai gaya miki Shirwa ta iso?"

Aka jeru a fili. Inuwa ta gifta, gaban Bushiya ya faɗi, ta dunƙule tamau. Shirwa ta taɓa ƙaya, ta janye ƙafa ba shiri.

Gogan naka Kurege kuwa, da ya riga ya sha bammi ya ƙoshi, ko gezau. Yana tangaɗi yana ihu: "Sauko mana, tsohuwa! Wa ke tsoronki?"

Ta sauko kuwa. Ta sure shi ta wutsiya, ta zagaya makaranta da shi sau biyu, ta jefa shi cikin taɓon kududdufi. Ya fito yana amai, wutsiya duk a tuje. Malam ya ce sai ya maimaita aji, kuma daga ranar aka sa Ɓauna gadin giginyar.

Da yamma Bushiya ta dawo daga gona, ciki fal, ranta fari tas. Ta ajiye wa Kurege gyaɗa biyar. Ya karɓa, kai a sunkuye.

Darasin wannan labari shi ne, abin maye ba ya ƙara wa ɗalibi jarumta, hankalin da ke tsare shi yake ɗaukewa. In abu ya dame ku, yara, ku faɗa wa malami ko iyaye.