Saƙon Hajja Gumsu

Duk wanda ya zauna Sabon Garin Kano a shekarun hamsin, in dai ya taɓa taka ƙofar majami'a, to ya san malaminmu, bawan Allah salihi, ma'abocin ilimi da taƙawa, Allah ya haskaka makwancinsa. Katikis ne, mai koyar da addini, ba Fada ba, amma ko Fada kan yi shiru ya saurara idan ya buɗe baki, domin ya sha Littafi Mai Tsarki ciki da bai, ya ji Hausa, ya ji Ibo, ya kuma san halin 'yan Adam fiye da yadda suka san kansu. Riga biyu gare shi a duniya da tabarma ɗaya, azuminsa ya fi cinsa yawa, kuma ba a taɓa samun wanda ya ce ya ga fushinsa ba. Karamominsa suna da yawa, amma wadda ta fi zama a bakin jama'a ita ce ta gidan Cyprian kafinta.

Shi Cyprian mutumin Gabas ne mai hannu a aikin katako, mai tsoron Allah, sai dai akwai saurin hawa, kuma Hausarsa ta kasuwa ce, wadda ta isa ciniki amma ba ta isa fahimtar zance ba. A damunar 1955 matarsa Bridget, mai sayar da manja, ta haifi 'ya mace aka sa mata Ebere, kwana huɗu da haihuwa zazzaɓi ya kwantar da uwar. Aka yi allura, aka sha ƙwaya, jiki sai ƙara narkewa yake. Dama aiki ya yi ƙaranci tun bayan rikicin da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari, domin masu ba shi aiki da yawa a Fagge suke, sai ga Cyprian yana ɗaukar kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana kaiwa kasuwa, har aka zo kan zarton da ya gada daga maigidansa.

Ranar da ya sayar da zarton ne ya yi kiciɓis da Hajja Gumsu, wata dattijuwa 'yar asalin Borno da ke zaune a Fagge, wadda takan sayi manja wurin Bridget. Ba su rabu da daɗi ba a baya, domin ya taɓa yi mata ƙofa ta ce a karkace take, shi kuwa ya rantse ginin ne a karkace, aka yi ta sa-in-sa har maƙwabta suka fito. Ta tambaye shi ina mai manja, ya ce ta haihu tana kwance ba lafiya. Hajja ta dube shi, ta dubi wanda ya sayi zarton, ta kaɗa kai ta ce, "To, Kafinta, je ka. Za ka ga saƙo."

Wannan kalma ta tsaya masa a rai, domin a iya saninsa duk wanda ya ce maka za ka gani, ba alheri yake nufi ba. Washegari da azahar ya dawo daga neman aiki, sai ga gwangwanin sigari a bakin ƙofarsa, murfin a liƙe da kaki, an naɗe shi da baƙin tsumma an ɗaure da zare. A ranar kuwa Bridget ta daina cin abinci, ta daina gane mutane, jaririya sai maƙwabciya ce ke shayar da ita. Me ya rage kuma? Cyprian ya sa itace biyu ya ɗauke gwangwanin, ya kai bayan ɗaki ya kife shi da kwano, ya ɗora dutse, ya yayyafa ruwa mai tsarki, ya ɗaura ɗamarar yaƙi da Iblis. Kwana bakwai yana azumi, gwiwa a ƙasa, carbi a hannu, addu'arsa ɗaya ce tak: duk abin da aka aiko gidan nan, ya Ubangiji, ka mayar wa mai aikowa ninki bakwai!

Rana ta bakwai da la'asar numfashin Bridget ya koma sama-sama, idanu suka kafe. Haƙurin Cyprian ya ƙare, ya yanke shawara zai tsallaka Fagge ya jefa wa Hajja abinta a gaban jama'a, kome za a yi a yi. Allah da ikonsa, hanyarsa ta bi ta bayan majami'a, inda malaminmu, Allah ya ƙara masa yarda, ke zaune kan tabarma yana karatu. Bai faɗa wa kowa zancen gwangwanin ba, ko maƙwabciyar da ke shayar da 'yarsa, amma kafin ya gama durƙusawa malam ya rufe littafinsa ya ce, "Cyprian, wanda ka kife da kwano ne a cikin rigarka? Ba Fagge za shi ba. Tashi mu je gida."

Cyprian ya tashi ya bi shi. Suna tafe yana zuba labari ba numfashi, ya faɗi rigimar ƙofa, ya faɗi kalmar kasuwa, ya faɗi addu'ar da ya kwana bakwai yana yi, yana jiran a tsawata masa. Malam ya ce, "Amin. Allah ya karɓa."

Da suka isa, malam ya sa aka kawo garwashi a kasko. Cyprian ya yi murna, ya nufi juji da gwangwanin don a ƙone abin Shaiɗan a can, malam ya girgiza kai ya nuna ɗakin mara lafiya.

"Malam, a ɗakin? Kusa da ita? Abin nan zai ƙarasa min ita!"

"Shiga da shi. Ubangiji ya riga mu shiga."

Matan gidan haya suka cika ƙofa suna leƙe, wasu na yin alamar gicciye, wata ta goya ɗanta ta yi waje. Malam ya kwance zaren da hannunsa, ya ɓamɓare kakin, sai ga wasu guntayen itace baƙaƙe masu danƙo, wata mata ta ƙwala ihu ta ce ga shi nan! Shi kuwa ya ɗibi kaɗan ya barbaɗa kan garwashin, ya durƙusa, ya ɗora hannu a goshin Bridget, ya kira sunan Yesu Almasihu a hankali, kamar mai kiran aboki daga ɗaki na kusa.

Cyprian ya toshe hanci yana jiran wari. Hayaƙi ya tashi fari, ya murɗa, ya cika ɗakin da wani ƙamshi da bai taɓa shaƙar irinsa ba ko a babbar sujada. Jama'a, ai kafin hayaƙin ya kai rufi Bridget ta yi atishawa, ta sake, ta sake ta uku, gumi ya keto mata har ya jiƙa matashi, ta buɗe ido ta dubi mijinta sarai ta ce, "Ina 'yata? Kuma yunwa nake ji." Gida ya kaure! Mata suka ɓarke da waƙar yabo da harshensu, ana tafi ana kuka, aka miƙo Ebere ta kama nono, Cyprian kuwa ya rasa ko ya rungumi matarsa ko ya faɗi a ƙafafun malam. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ba da hanya. Baƙuwa na tafe."

Bai rufe baki ba aka ji sallama. Hajja Gumsu ce, da ƙwaryar kunun kanwa a ka, tana shiga tana faɗa. "Haba, Kafinta! Tun daga kan titi nake jin turarena. Ashe sai yau aka kunna? Mu a Borno maijego ba ta kwana ba turaren wuta. Na zo na yi ta sallama ba a amsa ba, na ajiye a ƙofa na koma, don ni ma da mara lafiya a ɗaka."

Ta sauke ƙwaryar, ta ce 'yarta Falmata ce, wadda ta yi haihuwa uku ba ta ɗauki ko ɗaya da rai ba, kwana bakwai ke nan tana fama da naƙuda har ungozoma ta cire rai, amma yau da hantsi Allah ya sauke ta lafiya, ɗa namiji, kukansa har ƙofar gida.

Malam ya dubi Cyprian ya ce, "Me ka roƙa kwana bakwai?"

"Abin da ta aiko ya koma mata ninki bakwai."

"To, ya koma."

Nan Cyprian ya fashe da kuka irin na wanda aka ciro daga rijiya, ya durƙusa gaban dattijuwar ya faɗa mata duk abin da ya zarge ta da shi, bai ɓoye ko dutsen da ya ɗora kan kwano ba. Hajja ta yi salati, ta riƙe haɓa, sai kuma dariya ta ƙwace mata. "Kafinta, ashe Hausarka ma a karkace take kamar ƙofarka! Tashi, na yafe. Gobe ka zo ka gyara min ita kafin ranar suna. Zartonka yana wurin ƙanina Hambali, ni na ce ya ajiye maka."

Bridget ta shanye kunun nan tas, cikin mako ta koma kan tulun manjanta, Cyprian ya gyara ƙofa, daga nan aikin Fagge ya dawo masa. Har ya tsufa gwangwanin na nan kusa da carbinsa, kuma bai sake yi wa kowa addu'ar da zai ji tsoron ta dawo kansa ba.

Tsarki ya tabbata ga Ubangiji, wanda ya nuna wa bawansa abin da ke cikin rufaffen gwangwani da abin da ke cikin rufaffiyar zuciya. Allah ya saka wa malaminmu da madawwamin hutu, ya ba mu albarkacin salihan bayinsa, ya warkar da majinyatanmu, kuma duk wanda ya taɓa ajiye mana alheri a bakin ƙofa muka kasa gane shi, Allah ya mayar masa ninki bakwai. Amin.