Laptop Goma Sha Biyu da Matan Man Kaɗanya

Akwai wani matashi a unguwar Jisonayili mai suna Kamaldeen, manajan wani ƙaramin kamfani da ke sayen man kaɗanya a hannun matan ƙauye yana turawa Turai.

Wata shekara masu sayen suka gindaya sharaɗi: kafin damina a turo sunan kowace mai kawo mai, da hotonta, da dajin da take tsintar ƙwarar kaɗanya. In ba haka ba, a raba gari.

Kamfanin ya yanke shawarar sayen laptop goma sha biyu don tara bayanan a ƙauyuka, a ɗora musu Linux, manhajar nan ta kyauta. Aka kira Baba Buraima, dattijon da ya shekara ashirin yana gyaran kwamfuta a unguwar Nyohini.

Baba ya ce, "Ɗana, ba kowace laptop ke shiri da Linux ba. Sayo ɗaya tak mu gwada. Mu ga intanet, mu ga kyamara, mu rufe ta mu ga ko ta yi barci da gaske. Da ni ne, irin na ofis masu kaurin nan zan ɗauka, ko da na hannu ne. Su ana kwance su a gyara."

Kamaldeen ya bushe da dariya a gaban ma'aikata. "Baba, da digirina za ka koya mini kwamfuta? Kayan bola zan miƙa wa mutanena?"

Dattijon ya ɗauki jakarsa, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Kamaldeen ya yo oda daga Accra, sirara masu sheƙi. Da kansa ya ɗora musu Linux. Ko ɗaya ba ta kama intanet ba. Ya ce ba komai, a tara bayanan a ciki, a tura a ƙarshe.

Abin da bai sani ba, in an rufe su ba sa barci. Suna ta aiki a cikin jaka, a bayan babur, cikin zafin Afrilu. Sati bakwai ana yawon ƙauyuka. Ɗaya ta mutu, ya ce sakacin mai riƙe da ita ne. Kafin ya farga, biyar sun tafi, kuma su ne ke ɗauke da bayanan manyan ƙauyukan.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, ya kwaso su zuwa Nyohini, ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Ka ceto mu."

Baba bai yi masa gori ba. Ya buɗe ɗaya ya daɗe yana dubawa. "Ma'ajiyar bayanan a manne take da allon ciki. Allon ya ƙone, ta bi shi. Kun kwafa a wani wuri?"

Kamaldeen ya girgiza kai.

Kwana uku Baba yana fama da su. Ko suna ɗaya bai fito ba.

Masu saye suka koma wani wuri. Aka sallami ma'aikata.

Ranar da Kamaldeen ke kulle ofis, sai ga Mma Lamisi, shugabar matan wani ƙauye, da keke mai ƙafa uku cike da robobin mai. Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata komai.

Ta dubi man, ta dube shi. "Ɗana, mu da ko taɓa kwamfuta ba mu taɓa yi ba, me muka yi mata?"

Ta ce wa direban keken ya juya.

Darasi: Girman kan mutum ɗaya ba shi kaɗai yake kayarwa ba, har da waɗanda abincinsu ke hannunsa. Gwada ɗaya kafin ka sayi goma, kuma kada ka raina wanda ya riga ka daɗewa a sana'a. Ku tura wa duk wani mai riƙe da amanar jama'a, ko Allah zai sa ya ji tun da sauran lokaci.