Tukunyar Ƙullun Iya Yalwa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ko a zuci ne: ta zo mu ji ta.

To, Iya Yalwa dai mai wainar bakin tasha, shekara arba'in tana tuya a gindin darbejiya. Tukunyar ƙullunta ta ƙasa ce, kuma ba a wanke cikinta. Kullum sai ta rage ludayi guda a gindi, ta zuba sabon niƙa a kai, tsohon ya tashi sabon. Shi ake ce wa iri, wajen uwarta ta gada. In ka kasa kunne da safe sai ka ji ƙullun yana numfashi, fus, fus. Duk mai tuyar da nata ya mutu, in ta zo, sai Iya ta ɗebo ta ba ta kyauta.

Sai Iya ta kwanta ciwo. Sai ta kira 'yarta Tasalla ta ce, "Kar ki bar tukunyar nan ta mutu." Sai ta cika.

Ana gama sadakar arba'in sai ga Barau, yayan Tasalla, ya dawo daga birni da motar abinci, taga a gefe, murhun gas a ciki. An rubuta WAINAR IYA YALWA a jiki, ɓaro-ɓaro. Layi fa har titi. Sai Barau ya ce, "Daga yau ba a ba kowa iri. Sirrin sana'a ne."

Sai ga Kande mai waina da ƙoƙonta. "Tasalla, zafin nan ya kashe min nawa, ɗan sam min."

Tasalla ta kalli yayanta, ta ce, "Babu, Inna Kande."

Dudu ta zo, babu. Tsohuwa Azumi ta zo tana dogara sanda, ita ma babu.

Ran nan Tasalla ta tafi niƙa. Barau yana gyaran mota sai ya buɗe tukunya, ya ga bakinta duk busasshen ƙullu. Ya ce, "Wannan ƙazantar a motata?" Sai soso, sai sabulu, sai ruwan zafi. Ya kife ta a rana.

Tasalla ta dawo ta ce, "Yaya, ina irin?"

"Na wanke miki ita tas. Ba ko sannu?"

Sai ta ɗauki tukunya ta kara a kunne. Shiru. Sai ta zauna a ƙasa, nan bakin taya.

Washegari suka sa yis. Waina ta tashi, a ido kam ba laifi. Malam Nomau direba, da ya shekara talatin yana karyawa a wurin, ya gutsura ɗaya, ya daɗe yana taunawa. Ya ce, "Da daɗi, 'yata. Amma ba ita ba ce." Bai sake tsayawa ba.

Sai Tasalla ta ɗauki ƙoƙo ta shiga gari.

Ta je wajen Kande. Kande ta ce, "Ai tun ranar da kika ce babu na koma yis."

Ta je wajen Dudu. Dudu ta nuna mata tanda a tsakar gida, kaji suna shan ruwa a ciki.

Ta je wajen Azumi. Azumi ta ce, "Zauna. Kwana tara ina lallaɓa ɗan ragowar nawa, ya yi baƙi, na zubar. Da kin ba ni ranar nan, da yau na cika miki ƙoƙon nan. Kin zaci uwarki nata bai taɓa mutuwa ba? Sau biyu. Duk a ɗakin nan ta karɓa."

Sai hawayen Tasalla ya riƙa ɗiga cikin ƙoƙo.

Ta dawo ta tarar da Barau shi kaɗai a taga. Ta ce, "Yaya, goge sunan."

Barau ya sauko daga mota. Sai ya ɗauko fenti, ya shafe IYA YALWA. Waina kawai ta rage.

Har yau motar tana nan, suna tuya, ana saye jefi-jefi. Kuma kullum da safe, kafin ta kunna gas, sai Tasalla ta kara kunne a tukunya.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya faɗa tanda. Ashe a gidajen mutane Iya take ajiyar irinta, yaran suka zaci asara take yi. Kai fa, in naka ya mutu gobe da safe, ƙofar wa za ka iya ƙwanƙwasawa?