Yadda Korau Ya Samu Kiran Sunan da Yake Nema

Dalilin da ya sa mutanen Dutsen Korau suke maƙale can ƙolin dutse kamar awaki, ga tafki shimfiɗe a ƙasansu amma matansu na hawa da tulu suna haki, ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, yara. Kada ku bari su ruɗe ku da cewa wai gudun yaƙi ne ya kai kakanninsu sama. Wane yaƙi? Wa zai ɓata kibiyarsa a kansu? Girman kan mutum ɗaya ne ya hau da su.

A da, garin a gindin dutsen yake, dab da bakin ruwa. Mace kan ɗora tukunya a murhu, ta je ta ɗebo ruwa ta dawo, wuta ba ta gama kama itace ba. Unguwa biyu ce: ta manoma, su ne da yawa, da ta masunta, 'yan tsiraru. Tafkin kuwa duwatsu sun kewaye shi, mafitarsa ɗaya ce tak, wani tsagi tsakanin manyan duwatsu biyu da suke kira Maƙogwaro. Kowace shekara yashi da kututture kan toshe shi, saboda haka kafin ruwan farko sai gari duka ya fita gayya a yashe wurin, rarar ruwan damina ta samu hanya ta gangara kwari. A al'adarsu, saran farko na Sarkin Ruwa ne. Makaɗi ya buga ganga ya kira sunansa, shi kuma ya ɗaga fartanya ya sara sau ɗaya, sannan kowa ya afka wa aiki.

Shi ke nan fa. Ba nama ake ba shi ba, ba riga ba. Sara ɗaya da kiran suna.

To, akwai Korau, mai unguwar manoma. Allah ya ba shi, ba laifi: rumbunansa a jere, samarin unguwarsa kuwa ko tari ya yi sai sun miƙe. Amma duk shekara in ya ji makaɗi ya kira sunan Sarkin Ruwa Nomau, wani tsoho mai rama wanda ko akuya ba shi da ita, sai abin ya tsaya masa a wuya. Ya dawo gida ya ƙi cin tuwo, yana ta tsaki.

Wata shekara, da gayya ta matso, ya ce wa matarsa Tambai, "Bana sunana za a fara kira. In ba haka ba, ko yaro ɗaya na unguwar nan ba zai taɓa fartanya ba."

Tambai na tankaɗen gari, ta ɗago ta dube shi. "Maigida, gidanmu ne fa ya fi kowanne kusa da ruwa. Su masunta jirage gare su. Mu me gare mu, in ba rumbun laka ba?"

"Ke dai yi tankaɗenki," in ji shi. "Maganar maza ce."

Maganar maza! Ku ji fa.

Labari ya kai wa Nomau. Tsohon ya tako da sandarsa har zauren Korau, suka gaisa, ya ce, "Mai unguwa, na ji buƙatarka. Mu kaɗai ba za mu iya ɗaga kututturan nan ba, kai ma ka sani. Zo ka yi saran. Ni hannuna ma ya fara rawa."

Mai hankali da sai ya ce madalla, a wuce wurin. Korau ina! Da ya ga an ba shi a sauƙaƙe, sai abin ya yi masa arha. Ya gyara zama ya ce, "Sarkin Ruwa, ba haka ake ba da girma ba, a zaure, ba mai gani. Ku taho dukanku da ganga har ƙofar gidan nan, kai da kanka ka riƙo mini fartanyar, ku raka ni Maƙogwaro."

Nomau ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "Saran na ba ka, mai unguwa. Amma ni ba ɗan dakonka ba ne."

Daga nan aka ja daga. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Korau na zaune a zaure da sabuwar riga yana jiran ganga. Masunta suka gwada yashe wurin su kaɗai, suka ga ba su ko motsa kututture ɗaya ba, suka koma suna toshe ɓarakar jiragensu. Samarin manoma na son fita, amma wa zai tsallake maganar mai unguwa?

Kuma kada ku ɗauka ruwan ya zo musu ba zato. Ko kusa! A hankali ya riƙa tahowa, kamar mai neman a ba shi haƙuri. Ya fara cin lambunan albasa. Tambai ta ce, "Maigida, lambu ya tafi." Ya ce, "Za su zo." Ya ci turken awaki. Ta ce, "Maigida, don girman Allah, ka tashi." Ya ce, "Yanzu ne ma za su zo, tsoro ya kama su." Ran da ruwa ya jiƙa gindin babban rumbu, lakar ta saki, rumbun ya durƙusa, gero ya watsu a kan ruwa, Tambai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, don guminta ne a ciki kamar nasa.

Sai a ranar gogan naku ya miƙe. Ya saɓa fartanya, ya tara samari, ya sa aka jawo makaɗi, ya ce a tafi. Suka isa Maƙogwaro da hantsi, suka tarar babu Maƙogwaro. Gefen dutsen ya jiƙa ya zaftaro ya danne tsagin, ruwa ya hau kai ya kwanta, ko alamar wurin ba a gani. Kowa ya yi cirko-cirko. Shi kuwa Korau, don rashin kunya, ya juya ga makaɗi ya ce, "Kira!" Makaɗi ya buga ganga a sanyaye ya kira sunansa. Ya ɗaga fartanya da ƙarfinsa duka ya sari ruwa. Ruwan ya fantsamo masa a fuska, ya koma ya kwanta kamar ba a taɓa shi ba. Saran farkon ke nan da aka sayar da gari dominsa.

Masunta suka loda iyalansu a jirage suka haye ƙetare, ko waiwaye ba su yi ba. Manoma kuwa ba inda ya rage musu sai sama, don gangaren duk tsaye yake, babu wurin kafa ko bukka sai can ƙoli. Suka hau da abin da suka iya ɗauka.

Washegari Tambai ta ɗauki tulu ta gangara ɗibar ruwa. Ku tuna, matar nan tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, saboda kunya irin ta matan kirki. Ta ciko tulu ta kama hawa, gammo na zamewa. Da ta kai rabin hanya ta sauke tulun a kan wani falalen dutse, ta dubi ƙasa, ta hango kan rumbunta yana leƙowa daga cikin ruwa. Ta buɗe baki da ƙarfi ta ce, "Allah ya isa, Korau!" Matan da ke bayanta suka amsa, dutse ma ya maimaita.

Da ta iso gida ta dire tulun a gabansa, ta ce, "Maigida, an kira sunanka yau. Kafin na kowa."

Shi ya sa har yau garin na can sama, tafkin bai koma ba, kifinsa ma sai sun saya a hannun 'yan ƙetare. Sunan Nomau kuwa ba mai tunawa sai irinmu tsofaffi. Amma ku je da safe ku tsaya kusa da falalen nan na rabin hanya. Duk macen da ta sauke tulu a wurin, kafin ta gaida kowa, sai ta kira Korau.