Tasalla da Gafiyar Gindin Kuka

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta da kunnen basira.

A wani gari na bakin tafki an yi wata mata, sunanta Tasalla. Mijinta ya rasu, ba ta da kowa sai mahaifinta, Baba Shekarau, tsoho tukuf. Idonsa ya tafi, ƙafa kuma ba ta ɗaukarsa.

A da, ruwa ba abin nema ba ne a garin nan. Sai zamani ya juya. Kowace shekara zafi ya fi na bara. Damina ta zo a makare, ta tafi da wuri. A shuka gero, ya tashi, yana shirin fitar da kai sai ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Tafki ya yi ta ja da baya har kwale-kwalen masunta suka zauna a kan busasshiyar laka. Mutane suka cinye abin da ke rumbu, suka cinye iri, sai suka fara ɗaure kaya suna yin kudu.

Maƙwabta suka ce, "Tasalla, taso mu tafi."

Ta ce, "Baba ba zai iya tafiyar nan ba."

Tsohon ya ce, "Bi su, 'yar nan. Ni na ci zamanina."

Ta ce, "In na tafi, Baba, wa zai miƙa maka ruwa?"

Sai gari ya watse, ya rage daga ita sai shi.

Kullum da safe sai ta ɗauki ƙwarya ta shiga tsakiyar tafki, ta yi ta tono da hannu har kafaɗarta ta shige rami. Ruwa ya tsattsafo kaɗan-kaɗan, ta tara ƙwarya guda. Rabi na Baba, rabi nata.

Ran nan ta cika ƙwarya ke nan, sai ga Gafiya tana tafe tana taƙama.

Gafiya ta ce, "Sannu da aiki, maƙwabciya. Ni ce 'yar aiken Hadari. Ya turo ni in duba masa gonar da zai fara sauka. Sai dai maƙogwarona ya bushe, ba zan iya kai masa amsa ba."

Tasalla ta ɗaga kai ta dubi sama, wayam, ko gajimare kamar tafin hannu babu. Ta ɗebi ludayi guda ta ba ta. Gafiya ta sha, ta wuce.

Kashegari sai ga ta kuma. Ta ce, "Hadari yana gaishe ki. Ya taso, jakinsa ne ya yi targaɗe a hanya."

Tasalla ta ce, "Allah ya ba jaki lafiya." Ta sake ba ta ludayi guda.

Rana ta uku zafi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Tasalla ta yi tono har farcenta ya fashe, da ƙyar ta sami rabin ƙwarya. Tana juyowa sai ta ga Gafiya kwance a kan laka, harshe waje, babu taƙama.

Ta ce, "Yau kuma me ya sami jakin?"

Gafiya ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Babu jaki, babu Hadari. Ƙarya nake yi miki."

"Na sani tun ranar farko. Na ma gane ki. Ke ce mai huda mini rumbu a shekarun da akwai abin hudawa."

"To me ya sa kika ba ni?"

"Maganarki ce ƙarya. Ƙishirwarki gaskiya ce."

Tasalla ta dubi ruwan nan, maƙoshinta kamar an zuba toka. Ta ware na Baba, ta ɗaga kan Gafiya ta ɗura mata nata kason duka.

Da Gafiya ta farfaɗo, sai ta miƙe. Ta ce, "Biyo ni."

Suka je gindin wata tsohuwar kuka. Gafiya ta shige rami, ta fito kumatunta cike, ta zazzage a gaban Tasalla. Ta koma, ta fito. Ta koma, ta fito, har gefen zanen Tasalla ya cika da wasu ƙananan ƙwayoyin gero masu duhu.

Gafiya ta ce, "Mu sata muka gada. Wannan kakata ce ta kwaso shi daga rumbunan garinku, ta ɓoye a can ƙasa inda zafi ba ya kaiwa. Ta ce kada a taɓa sai ranar da babu. Ina ganin ranar ta zo, kuma naku ne."

Tasalla ta kai gida. Yunwa na cinta, har ta jawo turmi. Baba Shekarau ya ce, "Dakata, ba ni in taɓa." Ya murza ƙwayoyin a tafin hannu, ya sansana, sai hawaye.

Ya ce, "Ɗan gajere ne. Shi uwata take shukawa. Ruwa kaɗan ya ishe shi, kafin damina ta juya baya ya nuna. Da ruwa ya wadata sai muka raina shi don zangarniyarsa ƙarama ce, muka bar shi ya ɓace. Mayar da turmin, 'yar nan. Mu ci gaba da tafasa ganye."

Haka suka yi. Tsohon na zaune a inuwa yana faɗa mata, ita tana yi. Ta haƙa ƙananan ramuka a gona, ta zuba busasshen taki a kowanne, don in ruwa ya sauka ya tsaya maimakon ya gudu.

Damina ta zo a makare kamar yadda ta saba. Tasalla ta shuka. Ruwa ya yi ɗan abin da zai yi ya ɗauke. Amma kafin ya ɗauke, ɗan gajere ya fitar da kai, ya yi ido, ya nuna. Tasalla ta tsaya a tsakiyar gona, geron bai wuce ƙugunta ba, ta yi ta hamdala.

Ta daka, ta dama fura, Baba ya sha har ya siɗe ludayi.

Labari ya kai kudu. Mutane suka fara dawowa, ramammu, suna jin nauyin haɗa ido da ita. Kowane gida ta auna masa tafi guda na iri. Ta ce, "In ya yi, ku ma ku ba wani."

Sai Baba Shekarau ya ce a kai shi gindin kuka. Magidanta suka ɗauke shi a kan gadon kara, Tasalla na biye da damin gero a kai. Aka ajiye tsohon a bakin ramin Gafiya.

Ya ce, "Baiwar Allah, ban gan ki ba, amma na sha furar geronki. Mun yar, kun adana. Mun gode, Allah ya saka."

Can daga cikin rami Gafiya ta ce, "Baba, ku ajiye damin ku tafi, kunya ba za ta bar ni in fito ba. Duk zuriyarmu ba a taɓa yi wa kowa godiya ba sai yau."

Zafi bai ragu ba, damina ma ba ta koma yadda take a da ba. Amma garin ya zauna, kuma kowace kaka dami na farko gindin kuka ake kai shi.

Ku da kuke saurare, kada ku hana mai ƙishirwa ruwa don halinsa bai yi muku ba. Kuma abin da iyaye suka bari, ko ƙarami ne, a adana shi.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta koma raminta.